Yadda zaku haɗa taron tsofaffin ɗaliban jami'a na kwana uku harda baje kolin kayan tarihi, ko da daga ƙauye kuke shiryawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan rubutun na wanda 'yan ajinsu na jami'a suka ɗora wa nauyin haɗa taro ne, musamman irinmu da aiki ko noma ya zaunar a karkara, wani yana koyarwa a jeka-ka-dawo ta wajen Gumel, wani yana aikin lafiya a Sumaila, wani kuma ya rataye kwalin ya koma noman shinkafa a Auyo. Yawancin tarukan nan mutanen Abuja da na cikin birni ne suke tsarawa, da aljihunsu suke aunawa, sai a kama ɗakin taro a otal a yanka kuɗi mai nauyi, manya suyi jawabi a ci soyayyiyar shinkafa a watse, rabin aji basu zo ba kuma ba wanda ya tambayi dalili. Ni a ganina taron da zai yi armashi shine wanda aka tsara shi daidai ƙarfin mafi ƙarancin samu a ajin, kuma aka sa tsofaffin kayan makaranta a tsakiyarsa maimakon babban tebur, domin gaban hoton ranar rantsuwar shiga jami'a ba darakta ba malamin firamare, kowa siriri ne da wando mai faɗi. Zan yi misali da Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) tunda nan yawancinmu muka yi, amma wanda ya yi jami'ar Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa ko Zariya duk zai iya ɗauka ya gyara.

Mataki na farko: ku fara sanin su waye 'yan ajin

Wannan kamar wasa amma nan rigima take farawa. Shekarar shiga zaku bi ko shekarar fita? Yajin aikin ASUU ya dagula lissafin mutane da yawa, na 2020 wajen wata tara aka yi, na 2022 wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga masu kari-oba da suka ƙara shekara, ga waɗanda suka shigo aji biyu kai tsaye da NCE ko difloma. Shawarata ku ce duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da ku naku ne, harda wanda bai gama ba saboda rashin lafiya ko aure ko rashin kuɗin rajista. Kar ku tambayi kowa sakamako.

Sai neman mutane. Guruf ɗin WhatsApp bai isa ba, domin waɗanda suka fi buƙatar taron sune basa ciki, ko wayar ƙarama ce ko garin ba sabis sai an hau tudu. Ku raba sunaye bisa masarautu ko ƙananan hukumomi, mutum ɗaya ya riƙe ɓangaren Haɗeja, ɗaya Kazaure da Ringim, ɗaya Rano da Tudun Wada da Doguwa, ɗaya Gaya da Wudil, haka dai, kowa ya kira nasa da baki. Wanda lambarsa ta ɓata a bi ta sakatariyar ilimi ta ƙaramar hukumarsu ko limamin garinsu ko tasha, a ƙauye ba a rasa mai digiri, kowa ya san gidansu. A wannan kiran ne kuma zaku tattara sunayen waɗanda suka rigamu gidan gaskiya, ku rubuta su daban, Allah ya jiƙansu.

Kwamiti kar ya wuce mutum bakwai ko makamancin haka: shugaba, sakatare, ma'aji, mai kula da masauki da abinci, mai kula da baje koli, mace aƙalla ɗaya wadda ake jin maganarta ba wadda aka sa don cika lissafi ba, sai mutum ɗaya da yake zaune a garin da jami'ar take, in da hali ma wanda yake aiki a cikinta. Wannan na ƙarshen shine ƙafarku, shi zai riƙa bin takarda ofis ofis.

Mataki na biyu: rana

Mu mutanen karkara damina ta fita daga lissafi, daga Yuni zuwa Satumba ba mai barin gona, Oktoba da farkon Nuwamba ana girbi, ana yankan riɗi ana tsinkar zoɓo. Watan Maris zuwa Mayu kuma zafin Kano ba na yawo da masu hawan jini bane. Abin da ya rage shine ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, an kai amfani gida, akwai ɗan abin hannu, makarantu suna hutu a ƙarshen Disamba. Sai dai ku duba kalandar Musulunci kar ku faɗa cikin azumi tunda kowace shekara yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya, ku tambayi jami'a ranar jarrabawa da ranar bikin yaye ɗalibai ku kauce musu, sannan ku zaɓi ƙarshen makon da ya biyo bayan albashi. Bikin aure kam ba yadda zaku yi da shi, lokacinsa ne, ku sanar da rana wata huɗu ko biyar kafin lokaci shikenan.

Mataki na uku: kuɗi

Kar a yanka wa kowa kuɗi ɗaya. Kuyi hawa uku, na ƙasa wanda malamin firamare zai iya biya ba tare da ya ci bashi ba, na tsakiya, sai na masu hali wanda ba shi da rufi. Kowa ya zaɓi nasa tsakaninsa da ma'aji, kuma dan Allah kar a riƙa jero sunaye da adadi a guruf ana tafa wa masu yawa, wannan ɗabi'ar ita take korar mutane shiru shiru. A faɗi jimilla kawai duk sati. A ware wani kaso na kuɗin mota ga wanda zuwan zai gagara, a tura masa a asirce. Wanda kuma yace shi buhun shinkafa zai bayar daga gonarsa ko ɗan akuya, a karɓa hannu bibbiyu a rubuta masa rasit kamar kowa.

Kar kuɗi ya shiga asusun mutum ɗaya komai amanarsa, ba don zargi ba, don kare mutuncinsa ne ma. A buɗe asusun haɗin gwiwa da sai mutum biyu sun sa hannu. In kuna son asusu da sunan ƙungiya banki zai nemi tsarin mulkinku da bayanin zaman da kuka yi, galibi harda rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ita kuma rajistar amintattun ƙungiya sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, toh kunga ba abin gaggawa bane, ku barshi sai bayan taron farko. Gudummawar ɗan siyasa kuwa, in ɗan ajinku ne ya bayar kamar kowa ya zauna kamar kowa, in na waje ne ku haƙura da ita, domin zai zo da 'yan rakiya da maroƙa ya cinye muku awa biyu.

Mataki na huɗu: takarda zuwa jami'a

Ku rubuta wa magatakardan jami'a ta hannun ofishin tsofaffin ɗalibai, ku ba shugaban sashenku kwafi, ku ba shugaban masu tsaro kwafi. A ciki ku faɗi rana, yawan mutanen da kuke sa rai, ɗakin da kuke so, da cewa zaku kafa baje koli kuma zaku ɗauki hotuna. Ku nemi amsa a rubuce, “ba komai ku zo” na baki baya buɗe ƙofa ranar Asabar in mai makulli ya tafi ƙauyensu. Ku karɓi lambar mai makullin da kansa, ku kuma tanadi ɗan abin goro na masu shara da masu gadi. A BUK akwai manyan wurare irin su ɗakin taro na Mahmud Tukur a tsohuwar jami'a da na Musa Abdullahi a sabuwa, amma in ku sittin ne ko tamanin me zaku yi da su? Ajin da kuka sha lakca a ciki ya fi, kujerun nan masu cizon riga su kansu kayan tarihi ne.

Masauki ku kama mai sauƙi kusa da makaranta, mutum bibbiyu a ɗaki, wanda yake da 'yan uwa a gari ya sauka can a rage masa kuɗi. Mata a basu ɓangarensu daban, a kuma tsara yadda wadda ba zata kwana ba zata zo Asabar da safe ta koma kafin magariba bata rasa komai mai muhimmanci ba, don haka duk abu mai nauyi a sa shi Asabar da rana. A aika takardar gayyata ta mutunci da za a iya nuna wa maigida, in yana so ya rako ta bismillah. Masu goyo a samar musu ɗaki ɗaya da tabarma da ruwa.

Mataki na biyar: baje kolin, nan ne aikin yake

Ku fara cigiyar kaya tun ranar da kuka sa rana, domin mutane basa tuna suna da abu sai an ambata musu sunansa. Kar kuce “a kawo kayan tarihi”, ba wanda zai kawo komai. Ku jero musu: takardar samun gurbi, katin shaida na ɗalibi, rasit ɗin rajista, handawut mai bugun tafireta, littafin rubutu, kundin digiri mai baƙin bango, katin laburare, foster ɗin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, mujallar ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta ƙaramar hukuma, kaset ɗin wa'azi ko na waƙa da aka riƙa ji a hostal, risho, hita, akwatin ƙarfe, fitilar ƙwai ta karatun dare, rigar ƙwallo, kakin bautar ƙasa, da hotuna, hotuna dai ko wane iri. Zaku sha mamakin abin da iyaye mata suka adana a ƙasan adaka a ƙauye, sau da yawa mai kayan ma ya manta, Inna ce take riƙe da takardar JAMB ɗinsa a cikin leda tare da takardar gona.

Ku nemi aron kaya daga waɗanda suka riga ku ma, domin baje kolin ya samu tushe. BUK a 1960 ta fara a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 aka mayar da ita Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashinta, sai 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugaba na farko. Kunga akwai dattawa a garuruwanmu, tsofaffin alƙalai da firinsifal masu ritaya, da suka yi karatu tun tana kwaleji. In kuka samu wanda yake da tikitin cin abinci na zamanin kafteriya ku lallaɓa shi ya baku aro, ku ajiye kusa da rishon zamaninku, ku rubuta a ƙasa cewa ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na rana shi ya tayar da zanga-zangar ɗalibai da ake kira Ali Must Go a 1978. Ɗalibin yanzu in ya karanta wannan sai ya tsaya ya sake karantawa.

Duk abin da aka kawo a shigar da shi littafi guda mai kauri: lamba, sunan mai shi, lambar waya, menene, halin da ya zo a ciki (ko akwai yagewa ko tabon ruwa), sa hannun mai bayarwa da mai karɓa. A ɗauki hotonsa nan take a gaban mai shi. Lambar a rubuta ta a ƙaramin kwali a ɗaura da zare, in takarda ce a sa ta a ambulan a rubuta lambar a jikin ambulan ɗin. In dole sai an yi rubutu a bayan hoto toh da fensir mai laushi, biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ratsowa gaba bayan shekaru.

Abubuwa uku kar ku kuskura. Kar kuyi wa tsohuwar takarda laminetin, zafin injin da gam ɗin suna kama ta har abada ba a iya cirewa, kuma irin rasit ɗin POS da na wasu bankuna in ya ji zafi baƙi ƙirin yake komawa. Kar ku liƙa salatif a yagewa, bayan ɗan lokaci yana zama ruwan ɗorawa ya bar tabo. Kar ku buga sitefula ko ƙusa a hoto. Abin da ake yi shine a ɗauki hoton kowace takarda da waya mai kyau, a inuwa mai haske kamar bakin zaure da hantsi, a shimfiɗa ta a farin kwali, wayar tana sama daidai ba a karkace ba, ba filasha. Sai a wanko kwafi a shagon hoto, manya manya, su za a rataye. Na asalin su zauna cikin akwatin gilashi.

Akwatin gilashin ba sai kun saya ba, irin na masu sayar da waya ko na kemis ko na masu turare ya wadatar, ku karɓi aro ko haya guda biyu ko uku masu makulli, a goge, a shimfiɗa farin yadi a ciki. Manyan kaya irin akwatin ƙarfe da risho a ɗora a tebur da aka rufe da farin yadi. Hotuna kuma a ja igiya daga taga zuwa taga a maƙale su da abin shanya, daidai idon mutum a tsaye, banda jikin tagar da rana take bugowa domin rana tana cin launin hoto. Da yake lokacin hunturu ne ƙura zata dameku, ku jera kayan Juma'a da yamma ku lulluɓe da zani, Asabar da sassafe a yaye.

Wajen jerawa ku bi tafiyar ɗalibi: daga gida (takardar gurbi, akwati, hoton tasha), rajista, aji, hostal da girki, masallaci da ƙungiyoyi da wasanni, jarrabawa da kundi, fita da bautar ƙasa. Mutum ya shigo ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗaya. Kowane abu da ɗan katin bayani, layi uku ko huɗu, babban rubutu saboda idanu sun fara gajiya, da Hausa da Turanci in akwai wanda baya jin Hausa a ajin. Katin ya faɗi menene, na wace shekara, sai ɗan labari guda. Misali a gaban risho: “Risho mai lagwani. Mutum shida ne suke girki da shi a ɗaki ɗaya, kowa da ranar sayen kalanzir ɗinsa. Garin ɗanwaken daga gida ake aiko shi duk wata a motar kasuwa.” Wannan ya fi a rubuta “tsohon risho” kawai, labarin ne yake tsayar da mutum.

Akwai abin da ba a bajewa sai da izini. Takardar sakamako mai sunaye da maki kar ta fito, akwai wanda har yau abin yana masa ciwo. Hoton da mace take ciki tun tana budurwa a tambaye ta tukunna, in tace a'a toh a'a ne, ba sai ta kawo dalili ba. Wasiƙun soyayya a barsu a adaka, yanzu kowa da iyalinsa. Kusurwar mamata kuma a tuntuɓi iyalansu kafin a sa hoto, wasu gidajen basa so, sai a rubuta suna da garinsu kawai da roƙon addu'a.

Mutum biyu su tsaya a ɗakin ko da yaushe, suna karɓa-karɓa, ba abinci ba ruwan leda a ciki. A gefe guda a ajiye kujera biyu da waya mai isasshen wuri da caji, a riƙa zaunar da mutane ɗaya bayan ɗaya ana naɗar muryarsu minti biyar biyar: ya kazo jami'a ranar farko, wa ya biya maka rajista, wane malami ne ya canza maka tunani. A fara da faɗin suna da ranar da aka naɗa. Ku gayyaci ɗaliban sashen na yanzu su shigo su gani, in ma akwai 'yan sashen tarihi ko na laburare ku roƙi biyu su taya ku, sun san aikin kuma zasu ji daɗi.

Mataki na shida: ziyarar gidan tarihi

In da hali kwamitin baje koli su fara zuwa tun kafin taro don su ga yadda masu sana'ar suke jera kaya. A Kano wanda ya fi dacewa da 'yan BUK shine gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano ne da yanzu yake ƙarƙashin jami'ar a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, nan ya zauna har rasuwarsa a watan Afrilun 1983 kuma nan kabarinsa yake. Abin lura a wurin shine kayan ba na alfarma bane, kayan amfanin yau da kullum ne na mutum mai sauƙin rayuwa da hotunan gwagwarmayar jam'iyyunsa na NEPU da PRP, amma da yake an adana an yi bayani sai ka kasa fita da wuri. Sai Gidan Makama daura da fadar Sarki, ginin da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ɗaki ɗaki aka raba tarihin Kano, ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ga kayan yaƙi ga hotunan zuwan Turawa a 1903. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya fara makarantar boko a 1909, malaman makaranta zasu so wannan. Amma kar ku haɗa uku a yini ɗaya, ɗaya ko biyu ya isa, cunkoson cikin gari kaɗai zai cinye muku lokaci.

'Yan Zariya su kuma suna da Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna da yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). 'Yan Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda sai 2011 aka kafa ta, tarihin makarantarku bai yi tsawo ba tukunna, toh ku ɗauki bas ku je Birnin Kudu ku ga zanen da mutanen zamanin da can suka yi a jikin duwatsu irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ba nisa, kuma wallahi da yawa cikin 'yan Jigawa basu taɓa zuwa ba.

Ko ina zaku je ku kai takarda sati biyu kafin ranar, ku tambayi ko suna buɗewa Asabar da ƙarfe nawa, nawa ne kuɗin shiga na ayari, ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka, ku nemi a baku mai zagayawa da ku. Ku kasu rukuni rukuni kamar sha biyar biyar domin ɗakunan ginin gargajiya ƙanana ne.

Yadda kwana ukun zasu tafi

Juma'a ranar isowa ce kawai, kar a sa komai kafin la'asar. Masu tahowa ta hanyar Dutse da Birnin Kudu da Gaya su tuna Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, a fito da sassafe ko a sha zama a bakin gada tsakanin motocin shanu. Bayan la'asar rajista, a ba kowa kati da sunansa rubuce da manyan baƙi harda laƙabin makaranta in bana cin mutunci bane, domin furfura da tumbi sun canza mutane, kunya ce ka rungumi mutum kana laluben sunansa. Banda muƙami a katin. Bayan isha a ci tuwo tare, a karanto sunayen mamata ayi musu addu'a, sai hira. A tuna wa mutane su taho da rigar sanyi da bargo.

Asabar bayan karin kumallo a taka a ƙafa a zaga makaranta, hostal da laburare da masallaci da wurin mai shayin da aka sha bashi, marasa ƙarfin ƙafa a basu mota ɗaya. Wajen ƙarfe goma a buɗe baje koli, wanda zai buɗe ya zama tsohon malaminku ko ma tsohon masinjan sashen da ya san kowa, jawabi ɗaya tak na minti biyar. A bar mutane awa biyu cur a ɗakin nan kar a kora su, shine taron. Bayan azahar da abinci a tafi gidan tarihi, a dawo la'asar. Ƙwallo tsakanin tsofaffi da ɗalibai tana da daɗin kallo amma minti goma sha biyar biyar ya isa, a tanadi ma'aikacin lafiya cikinku da abin gwada jini, wanda ya san yana shan magani ya zauna ya tafa. Da an gama ƙwallo sai zaman ƙungiya, kafin masu komawa gida su tafi: ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a yanke abu ɗaya da za a yi wa sashe ko marayun 'yan aji, ɗaya fa, wanda kuɗinsa yake hannu ko za a iya haɗawa cikin wata uku. Biyan rajistar ɗalibai biyu 'yan karkara ko gyaran fankokin aji ya fi alƙawarin gina ɗakin taro da ba za a gina ba.

Abinci ku ba mai dafawa ɗaya da kuka ɗanɗana girkinta, kuyi yarjejeniya a rubuce kan adadin kwano da lokaci, a biya rabi sauran sai an gama. A tuna da masu ciwon suga, a samu alkama ko wake da ganye da shayi ba sukari.

Lahadi da safe 'yan uwa Kirista na ajin su samu zuwa coci, kar a sa wani abu mai muhimmanci a lokacin. Sauran a kasu gida uku ko huɗu a gaida malaman da suka tsufa ko suke kwance da iyalan mamatan da ke cikin gari, da ɗan abin hannu a ambulan. Kafin sha biyu a sallami kowa, mai zuwa Birniwa ko Maigatari ko Doguwa yana buƙatar ya isa da rana, tafiyar dare yanzu ba abin so bace.

Kafin a watse a buɗe littafin nan mai kauri, a kira lamba ɗaya ɗaya, mai kaya ya duba abinsa ya sa hannu ya karɓa. Na wanda bai zo ba a ba wakilin yankinsu ya sa hannu a madadinsa, ya kai cikin sati, ya kira sakatare in ya kai. Wanda yace ya bar wa jami'a nasa kyauta a rubuta takarda ya sa hannu, a miƙa wa laburare ko sashe a karɓi shaidar karɓa. Hotunan da muryoyin da aka naɗa a zuba su a filash uku, ɗaya wajen sakatare, ɗaya laburaren jami'a, ɗaya wajen wani a wani garin daban, a kuma ɗora a intanet inda 'yan aji kaɗai zasu iya buɗewa. Masu mayar da takardu ƙauye a gaya musu su sa a ambulan cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan wani abu kar ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara da laimar damina, a riƙa buɗewa ana dubawa duk kaka. Cikin sati biyu ma'aji ya fitar da cikakken lissafi da hoton rasitai, wakilan yankuna su kira waɗanda basa guruf su karanta musu, a kuma wanko hoton taron a aika wa duk wanda bai samu zuwa ba a motar garinsu.